Abubuwan da ya kamata ka sani game da mataimakan da ke tsaron ma'ajiyar hoto a Linux

Idan ka buɗe kyamarar wayarka ta Android ka ga fuskarka a kan allo, hoton nan ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya iso idonka. Na'urar kyamara ce ta fara rubuta shi a cikin RAM. Injin zane, wanda masu sana'ar ke kira GPU, ya ɗauka ya ɗora masa maɓallai da rubutu. Daga nan sai wata 'yar na'ura, wadda aikinta kawai karanta hoto layi bayan layi, ta aika shi ga gilashin allo. Wani lokaci ita kanta firosesa, babbar ƙwaƙwalwar wayar, takan sa hannu. A mafi yawan wannan tafiya ba a kwafar hoton daga wani wuri zuwa wani. Yana zaune ne a wuri ɗaya, kowa na zuwa ya taɓa shi idan lokacinsa ya yi.

Wuri ɗaya da hannaye da yawa ba ya zama lafiya sai da doka. Wa zai fara taɓawa? Wa zai jira? Wa zai sanar cewa ya gama? A cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, an tattara waɗannan dokoki a cikin wasu ƙananan ayyuka da ake kira mataimaka. Ba su da suna a bakin jama'a, ba a tallarsu a kwalin waya. Amma ni a ganina suna cikin aikin da ya fi cancantar yabo a duk fannin, kuma dalilin da ya sa nake ganin haka shi ne abin da zan yi ƙoƙarin bayyanawa.

## Mece ce bafa, kuma me ya sa ake gudun kwafarta?

Bafa wani yanki ne na ma'adana da aka ware don ajiye bayanai na ɗan lokaci. A harkar hoto, ita ce wurin da ake jera launin kowane ɗigo na allo. Allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 4, kamar yadda aka fi yi, hoto ɗaya tak ya kai bayit 8,294,400, wato sama da megabayit 8. Allon yakan sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa. Ka ninka ka gani: kusan megabayit 500 ke nan a kowace daƙiƙa, in dai za a riƙa kwafar hoton gaba ɗaya sau ɗaya kawai. Idan kuma kyamara za ta kwafa wa GPU, GPU ya kwafa wa allo, lissafin ya ninku. Batir ya ƙare, waya ta yi zafi, hoto ya riƙa tsalle.

Shi ya sa aka zaɓi rabawa maimakon kwafi. Sai dai akwai wani abu kuma. Kanel ba ya riƙe RAM a dunƙule. Yanka ta yake yi shafi-shafi, kuma a yawancin kwamfutoci kowane shafi bayit 4096 ne. Hoton nan namu ya kama shafi 2025 cif. Ba dole ba ne waɗannan shafuka su kasance a jere. Ɗaya na iya kasancewa a farkon RAM, na biye da shi yana can ƙarshe. Duk na'urar da za ta karanta hoton sai an ba ta takardar da ke nuna inda kowane shafi yake.

## Daga ina tsarin ya samo asali?

Sashen kanel da ke kula da katin hoto sunansa DRM, kuma ya shiga Linux tun 1999. A farkon zamani aikinsa kaɗan ne. A ƙarshen 2008, a kanel 2.6.28, injiniyoyin Intel suka shigo da GEM, tsarin da ya mai da kowace bafa wani abu mai suna da lamba wanda kanel ke lura da shi: wa ya ƙirƙire ta, mutum nawa ke riƙe da ita, yaushe za a sake ta. Amma GEM na aiki ne a cikin gidan direba ɗaya. Direba a nan shi ne ɓangaren manhaja da ya san yaren wata na'ura ta musamman, yana fassara mata umarnin kanel.

Rabawa tsakanin direbobi daban-daban ta zo ne a 2012, a kanel 3.3, da tsarin dma-buf wanda Sumit Semwal ya jagoranta a ƙarƙashin ƙungiyar Linaro. Tsarin ya raba masu hulɗa gida biyu. Akwai mai kaya, wato direban da ya samar da bafar kuma shi ya san inda take da yadda ake kula da ita. Akwai kuma mai aro, wanda ke son amfani da ita. Mai kaya yakan ba da wata 'yar lamba, irin wadda ake bai wa shiri idan ya buɗe fayil, kuma ana iya miƙa lambar daga wannan shiri zuwa wancan. Mai aro ya kawo lambar ga kanel, a ɗaura shi da bafar, a ba shi jerin shafukan. Android ta daɗe tana da nata tsarin rabon mai suna ION, amma daga baya an maye gurbinsa da wani da aka gina kai tsaye a kan dma-buf, aka cire ION daga kanel a sigar 5.11. Don haka wayar Tecno ko Infinix ko Samsung da ke aljihunka tana miƙa hotunanta ne ta wannan hanya.

## Ina ainihin wahalar take?

Wahala ta farko ita ce aljihun firosesa. Firosesa ta fi RAM sauri nesa ba kusa ba, don haka tana da wata ƙaramar ma'ajiya a jikinta inda take riƙe abin da ta taɓa kwanan nan, galibi a gutsure na bayit 64. Idan ta rubuta abu, yana iya zama a aljihun na ɗan lokaci bai sauka cikin RAM ba. Idan ta zo karatu, tana iya ɗauko tsohon abin da ke aljihu ba tare da ta leƙa RAM ta ga ko wani ya canza shi ba. A kwamfutocin Intel da AMD, na'urorin da kansu sukan daidaita wannan a mafi yawan lokuta. A ƙananan na'urori masu firosesar Arm kuwa, sau da yawa ba haka ba ne. GPU ya rubuta sabon hoto a RAM, firosesa ta karanta tsohon da ke aljihunta, sai ka ga layuka na ɓarna ko gutsuren hoton da ya wuce suna bayyana a allo. Maganin shi ne a zazzage aljihun ko a zubar da abin da ke ciki a daidai lokacin da ya dace. Wanda ya san yadda ake yin haka ga wata bafa shi ne mai kaya, ba mai aro ba.

Ta biyu ita ce lokaci. GPU ba ya gama aiki a take. Ana ba shi umarni ya tafi yana yi, firosesa kuma ta ci gaba da wasu harkokin. Idan aka karanta bafa alhali bai gama zane ba, rabin hoto za a samu. Kanel na da wata alama mai suna dma_fence, wadda ake liƙa wa bafa a matsayin alkawari: aiki kaza yana gudana a kaina, zan sanar idan ya ƙare. Duk mai son taɓa bafar sai ya jira wannan sanarwa.

Ta uku ita ce ba duk ma'adana ce iri ɗaya ba. Wata bafar tana cikin RAM ta gama-gari, wata kuma tana cikin ma'adanar da ke jikin katin hoto. Zan dawo kan wannan, domin tana da labarinta.

Kowace ɗaya daga cikin ukun nan, mai rubuta direba na iya mantawa da ita kuma direbansa ya yi aiki lafiya a kan kwamfutar da ya gwada. Kuskuren sai ya kwanta shiru, ya tashi bayan shekara biyu a hannun wani mutum mai wata na'ura dabam. Irin wannan kuskure ne ya fi cin rai, domin wanda ya same shi ba shi ya jawo ba, kuma wanda ya jawo bai taɓa ganinsa ba.

## To, mene ne mataimaki?

A yaren masu rubuta manhaja, aiki ɗaya mai suna da ake kira idan ana buƙata kamar ɗan aike yake: ka ba shi saƙo, ya je ya yi, ya dawo maka da amsa. Mataimaki ɗan aike ne na kowa da kowa. Maimakon direbobi ashirin kowa ya rubuta tasa hanyar jira da zazzage aljihu, sai a rubuta guda ɗaya mai kyau a ajiye a tsakiya, duk mai so ya kira shi.

Akwai wata dabara a yadda DRM ya tsara wannan, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Hanya ɗaya ta haɗa aiki ita ce a gina wani bene a tsakani wanda kowane direba dole ya bi ta cikinsa, yana so ko ba ya so. Neil Brown, ɗaya daga cikin tsofaffin masu aikin kanel, ya yi rubutu a 2009 yana kiran wannan kuskure, domin ranar da aka samu na'urar da ba ta dace da benen ba, sai dai a yi ta huda shi ana liƙe-liƙe har ya lalace. DRM na farko ya faɗa wannan rami, kuma an kwashe shekaru ana fito da shi. Tsarin mataimaka akasin haka ne: direba ne ke da iko, shi ke zaɓar mataimakin da zai kira. Idan na'urarsa na da wata ɗabi'a ta daban, ya rubuta nasa a wannan gurbin, ya ci gaba da amfani da sauran. Babu tilas, amma hanyar da ta fi sauƙi ita ce kuma hanyar da ta fi daidai, kuma wannan ne ya sa mutane ke binta da kansu.

## Mataimakan shmem: masu kula da shafuka

Shmem suna ne na tsarin Linux da ke ba da shafukan RAM waɗanda za a iya rabawa tsakanin shirye-shirye, kuma za a iya kwashe su zuwa faifai idan wuri ya ƙure. GEM tun farko a kan wannan aka gina shi, amma shekaru da dama kowane direba na rubuta tasa hanyar karɓo shafukan da riƙe su. Noralf Trønnes, wani ɗan ƙasar Norway da ya daɗe yana aiki a kan direbobin ƙananan alluna, shi ya rubuta tarin mataimakan da ake kira drm_gem_shmem_helper. Sun shiga kanel 5.2 a 2019, lokaci ɗaya da Panfrost, direban buɗaɗɗe na injinan zane masu suna Mali, wanda ya dogara da su tun ranar farko. Direban v3d, wanda ke tuƙa injin zanen Raspberry Pi 4, shi ma yana amfani da su, haka ma virtio-gpu na kwamfutocin da ke gudana a cikin wasu kwamfutoci.

Aikinsu a taƙaice: su samar da bafa, su karɓo shafukanta, su kafe su don kada kanel ya kwashe su alhali na'ura na karantawa, su haɗa takardar jerin shafuka ga mai aro, su jera warwatsattun shafukan a adireshi ɗaya miƙaƙƙe idan firosesa na son karantawa. Sama da duka, suna ƙidaya. Duk wanda ya karɓi shafuka a ƙara ɗaya, duk wanda ya saki a rage ɗaya, sai ƙidaya ta koma sifili a mayar da su. Suna kuma bai wa shiri damar cewa wannan bafar ba na buƙatarta yanzu, in wuri ya ƙure a zubar da ita, abin da ke da matuƙar amfani a na'ura mai ƙaramar RAM.

Ba kowace na'ura suka dace da ita ba. Wadda ba ta iya bin warwatsattun shafuka, sai an ba ta yanki ɗaya miƙaƙƙe, tana da nata mataimakan daban. Manyan katunan AMD da Nvidia masu tasu ma'adanar kuma suna amfani da wani tsarin mai suna TTM, wanda ke iya ɗauke bafa daga RAM zuwa kati ya dawo da ita.

## Neman izini kafin taɓawa

Ga misalin da ya fi nuna yadda mataimaki ke haihuwa. Akwai wasu alluna da ba sa iya karanta RAM da kansu: allon da ake jonawa ta USB irin na DisplayLink, ƙananan alluna da ake haɗawa da Raspberry Pi ta 'yan wayoyi, allon tawada irin na na'urorin karanta littafi, da wata ƙaramar majigi ta aljihu. A duk waɗannan, firosesa ce ke karanta hoton ta tura shi ta waya. Idan kuma hoton aro ne daga GPU, dokar dma-buf ta ce sai an kira dma_buf_begin_cpu_access kafin a fara karatu, a kira dma_buf_end_cpu_access bayan an gama. Kira na farko yana bai wa mai kaya dama ya daidaita aljihun firosesa, sannan ya jira duk wani aikin GPU da ke kan bafar ya ƙare. Na biyu sanarwa ce cewa an sauke hannu. Sallama ce kafin shiga gida da sallama kafin fita.

Kowane ɗaya daga cikin waɗancan direbobi ya rubuta wannan da kansa: ya duba ko bafar aro ce, in aro ce ya nemi izini, ya yi kwafi, ya sanar. Layuka kaɗan ne, ana maimaita su daga wannan fayil zuwa wancan. Kuma duk suna duba bafa ta farko ce kawai. Alhali hoto ɗaya a DRM na iya kasancewa a rabe cikin sassa har huɗu, kowane sashe da tasa bafar. Tsarin NV12 da bidiyo ke yawan amfani da shi, misali, yana ajiye haske a sashe ɗaya, launi a wani. Gaskiya ne cewa waɗancan ƙananan direbobi galibi hotuna masu sashe ɗaya suke karɓa, don haka abin bai zama ɓarna a aikace ba. Amma tarko ne a ɗane, yana jiran ranar da wani zai kwafi layukan zuwa direban da ke karɓar bidiyo.

A 2021 Thomas Zimmermann na kamfanin SUSE ya rubuta mataimaka biyu, drm_gem_fb_begin_cpu_access da drm_gem_fb_end_cpu_access, suka shiga kanel 5.15. Na farkon yana bin sassan hoton ɗaya bayan ɗaya. Sashen da ba aro ba ne ya tsallake shi, wanda aro ne ya nema masa izini. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake yi idan aka samu cikas a tsakiya. A ce sashe na ɗaya da na biyu sun ba da izini, na uku ya ƙi. Mataimakin ba ya juya baya ya tafi haka nan. Yakan koma ya saki na biyu, ya saki na ɗaya, sannan ya dawo wa direba da labarin gazawa. Wannan hanyar ja da baya ita ce inda kurakuran kanel suka fi ɓuya, domin ba kasafai ake bi ta nan ba, ba kasafai kuma ake gwada ta ba. Rubuta ta sau ɗaya, idanu da yawa su duba ta, ya fi a bar mutum shida kowa ya rubuta tasa.

## Ma'adana iri biyu, adireshi iri ɗaya

Mu koma kan wahala ta uku. Ma'adanar da ke jikin katin hoto tana bayyana ga firosesa kamar adireshi ne na yau da kullum, amma ba RAM ba ce. Ƙofa ce zuwa wata na'ura. Dokar kanel ta ce a taɓa ta da wasu umarni na musamman. A kwamfutocin Intel da AMD, ko ka karya dokar ka rubuta mata kamar RAM, yawanci abin zai wuce lafiya. Shi ya sa aka daɗe ana karya ta ba a sani ba. A 2020 abin ya fito fili a kan firosesar sparc64, irin ta tsofaffin manyan kwamfutocin Sun, inda rubutun gama-gari zuwa irin wannan ma'adana ke kayar da kanel gaba ɗaya.

Matsalar ita ce aikin tsakiya da ke karɓar adireshin bafa ba shi da hanyar sanin wane iri aka miƙo masa. Zimmermann ya warware ta da wani ƙaramin ƙunshi: adireshin, tare da alama ɗaya mai cewa wannan RAM ce ko kuwa ta na'ura ce. Sai mataimaka irin su iosys_map_memcpy_to su duba alamar su zaɓi umarnin da ya dace. Da farko sunan ƙunshin dma_buf_map, ya shiga kanel 5.11. A 2022 Lucas De Marchi na Intel ya sauya masa suna zuwa iosys_map a kanel 5.18, domin an ga amfaninsa ya wuce harkar dma-buf. Wata tsohuwar na'ura da mutane ƙalilan ke amfani da ita ce ta tona kuskuren da ke kwance a ƙarƙashin kowa, kuma gyaran ya amfani kowa.

## Shimfiɗar inuwa

Manyan kwamfutocin da ke cibiyoyin ajiyar bayanai suna da ƙananan katunan hoto, irin na ASPEED ko na zuriyar Matrox G200, masu 'yar ma'adana kaɗan. Shirye-shiryen allo na zamani kuwa suna son hoto biyu ko uku a lokaci guda: ana nuna ɗaya, ana zana na gaba. Da lissafin megabayit 8 ɗin nan, ka ga wuri zai ƙare nan da nan. Mafita ita ce a ajiye duk hotunan a RAM ta hanyar shmem, a riƙa kwafar wanda ake nunawa kawai zuwa katin. Wannan ake kira shimfiɗar inuwa, kuma direbobin waɗannan katuna, mgag200 da ast, duk sun koma kanta.

Nan ma akwai doka mai wuyar riƙewa. Sauya hoton allo a DRM mataki biyu ne: matakin shiri, wanda aka yarda ya gaza, da matakin zartarwa, wanda ba a yarda ya gaza ko ya tsaya neman ma'adana ba. Jera shafukan bafa don firosesa ta karanta aiki ne mai buƙatar ma'adana da makulli, wato hana wasu taɓa bafar na ɗan lokaci, don haka wurinsa matakin shiri ne. Direbobi da dama sun kasance suna yinsa a wurin da bai dace ba. Mataimakan inuwa, waɗanda suka shigo a 2021, suna yinsa a kan lokaci, su miƙa wa direba adireshi a shirye, su warware bayan an gama. Wasu mataimakan kuma suna nuna wa direba yankin allon da ya canza kawai. Idan agogo ne ya motsa a kusurwa, ba sai an tura megabayit 8 ba. Ga allon USB 2.0, wanda iyakar gudunsa a takarda megabayit 60 ne a daƙiƙa, wannan shi ne bambanci tsakanin allo mai amfani da allo mai ja da ciki.

A kan waɗannan tubala aka gina simpledrm, wanda ya shiga kanel 5.14 a 2021. Direba ne da ke nuna hoto tun kwamfuta na tashi, kafin a loda direban ainihin katin.

## Shin babu haɗari a tara ƙwai a kwando ɗaya?

Akwai, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kuskure a cikin mataimaki kuskure ne a cikin duk direban da ke kiransa. A ƙarshen 2022, syzbot, wani shiri na Google da ke jefa wa kanel umarni barkatai dare da rana don ya ga inda zai karye, ya gano irin wannan a cikin mataimakan shmem. A wata hanyar gazawa, mataimakin na rage ƙidayar masu riƙe da bafa alhali ba shi ya ƙara ta ba. Sakamakon shi ne a saki bafar da wuri, wani kuma ya zo ya yi amfani da wurin da aka riga aka bayar. Irin wannan kuskure masu kutse ke nema ruwa a jallo. Rob Clark ya gyara shi ta hanyar cire kiran da bai kamata ba.

Ka lura da inda kuskuren ya ɓuya: a hanyar gazawa, kamar yadda aka faɗa a sama. Ka kuma lura da yadda aka kama shi. Domin direbobi da yawa na bi ta wannan ƙofa, har da waɗanda ba sa buƙatar na'ura ta zahiri, injin gwaji ya iya isa gare ta. Da kuskuren na cikin direban wata 'yar majigi da mutum ɗari ke da ita a duniya, da wuya a taɓa ganinsa. Gyara ɗaya kuma ya wadatar da dukansu. Na auna ɓangarorin biyu, kuma hukuncina shi ne tarawar ta fi alheri, da sharaɗin a riƙa duba duk wani canji a cikin mataimaki da idon da ya fi na duba direba ɗaya tsanani.

Akwai wani farashin kuma. Canza doka a tsakiya yana nufin a bi direbobi da dama a gyara. Lokacin da Dmitry Osipenko na Collabora ya ɗauki aikin daidaita yadda ake riƙe makulli a dma-buf da mataimakan shmem, ya ɗauki dogon lokaci da zagaye da yawa na bita kafin a karɓa. Aiki ne mai cin haƙuri, kuma idan an gama shi lafiya babu abin da mai waya zai gani ya canza.

## Me ya shafi mai karatu?

Wanda ya fi cin moriyar wannan aiki shi ne mai ƙaramar na'ura da mai tsohuwar kwamfuta. Babban kamfani na iya ɗaukar injiniyoyi ɗari su kula da direbansa. Tsohon katin da kamfaninsa ya daina waiwaya, ko ƙaramin allon da ɗalibi ya saya don aikin makaranta, ba su da wannan gata. Abin da ke raya su shi ne direbansu ya zama gajere, mafi yawan nauyin yana wuyan mataimakan da ake gyarawa kullum saboda wasu. A wuraren da ake amfani da kwamfuta har sai ta tsufa ta gaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya iya yaren C kuma, nan ƙofa ce a buɗe. Fayilolin suna cikin kundin drivers/gpu/drm na kanel, kowa na iya saukewa ya karanta kyauta. Mataimakan neman izinin nan biyu suna cikin drm_gem_framebuffer_helper.c, kuma ba su da tsawon da zai hana ka karance su a zama ɗaya. A cikin takardun kanel akwai fayil mai suna todo.rst a sashen gpu, inda masu kula da DRM suka jera ayyukan da ke jiran mai yi, kowanne da alamar ko na mai farawa ne ko na gwani, kuma da yawa daga cikinsu mayar da tsohon direba kan mataimaka ne. Ba sai kana da katin hoto mai tsada ba. Akwai direban gwaji mai suna vkms wanda ba ya buƙatar allo ko kati, yana amfani da mataimakan shmem, kuma ɗalibai masu neman ƙwarewa ne, Rodrigo Siqueira da Haneen Mohammed, suka fara gina shi a 2018.

Idan kana da kwamfuta da ɗan data, ka sauke kanel ɗin, ka buɗe wancan fayil, ka nemi drm_gem_fb_begin_cpu_access, ka bi shi layi-layi har ka ga inda yake ja da baya ya saki abin da ya karɓa. Daga nan ka buɗe direban udl ko gud, masu tuƙa allunan USB, ka ga inda suke kiransa.